Ƙaurar Gidan Malam Lado

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Katsina a shekarun baya, har ya taɓa neman fayil ɗinsa aka ce masa ya dawo gobe, ya san Hajiya Rahmatu. In bai riƙe sunanta ba ya riƙe laƙabinta, Rahmatu Rajista. Shekara talatin da biyar ta yi a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikata, ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai kuka, kuma a iya sanin mutane ba a taɓa ɗora mata ɓatan takarda ko ɗaya ba. Gajeruwa ce mai tabarau a kan karan hanci. In ta dube ka ta saman tabaran nan, sai ka tuna duk takardar ofis da ka taɓa cusawa a aljihu ka tafi da ita gida.

Ƙa'idojinta biyu ne, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinta ya haddace su ko yana so ko ba ya so. Ta farko, takarda ba ta ɓata, sai dai a kai ta gidan da ba nata ba. Ta biyu, ba a ƙona takarda ranar da aka yar da ita, sai ta kwana bakwai a kwandon shara ko mai ita zai biyo sawu. Masu shara sun sha fama da wannan ta biyun.

Ba a ofis ta koyi halin nan ba. A Ƙofar Sauri aka haife ta, a gidan Malam Lado, irin gidajen nan na cikin birni da baƙo kan shiga ya kasa fita sai an yi masa jagora. Sashe goma sha ɗaya ne, kowane da tukunyarsa. Tun tana 'yar shekara bakwai ita ake ba kwanonin tuwo ta rarraba, domin ita kaɗai ce a cikin yara ba ta taɓa kai murfin wani sashe wani sashen ba. Da ta yi aure ma ba ta sake zani ba. Mijinta Malam Ɗayyabu, malamin makaranta mai haƙurin gaske, ya taɓa gaya wa abokansa cewa hulunansa ma kowace da ranarta, in ya sa ta Talata ranar Laraba sai ya yi bayani.

Kwamfuta ta riske ta saura shekara biyar ta yi ritaya. Da farko ta yi mata kallon raini, ta ce abin da ba shi da kanta ba shi da igiya ina zai iya riƙe amana. Daga baya ta koya da yatsu biyu, kamar kaza na tsintar tsaba, har ta zama ita ake tambaya.

Da ta yi ritaya, wata uku ta yi tana shirya gidanta, har babu sauran abin shiryawa sai Malam Ɗayyabu kansa. Allah ya taimake shi da wani abin da ya faru. Wasu magidanta biyu suka gogi motar juna a bakin kasuwa, suka zazzagi juna son ransu, har da ambaton iyaye. Kwana huɗu bayan haka aka yi Sallah, sai ga su sun haɗu a zauren gidan Malam Lado, kowa ya zo gaida kakansa, kuma kakan ɗaya ne. An daɗe ana dariyar wannan labari a gidan. Rahmatu ita ba ta yi dariya ba. Ta ce in har jini zai zagi jini don rashin sani, to gidan yana bukatar rajista.

Wanda ya kafa mata rumbun bayanan taubashinta ne, Hamman, autan Gwaggo Furera. Gwaggo Furera ƙanwar mahaifin Rahmatu ce, wadda aka aurar a wata ruga bayan gari tun kafin a haifi Rahmatu. Hamman ya yi kiwo har ya kai shekara goma sha biyu kafin a sa shi boko, yanzu ya ba hamsin baya, yana da shagon gyaran kwamfuta a wajen Ƙofar Marusa, da shanu bakwai a ruga da yake ƙauna fiye da shagon. Tsakaninsa da Rahmatu babu gaisuwar da ba ta ƙare da tsiya. Ita tana ce masa ɗan mace, shi yana ce mata uwar fayil.

Rumbun da ya kafa mata ya yi kyau. Kowane mutum yana da shafinsa: sunan yanka, laƙabi, uwa da uba, hoto, in tsoho ne har da murya ko bidiyo yana ba da tarihin abin da ya sani. Ba ƙaramin aiki ba ne, don gidan yana da Muhammad Sani goma sha ɗaya, duk takwarorin kakansu Malam Sani, kuma babu wanda ake kira da sunan. Shekara tara Rahmatu tana bin gidaje da wayarta da littafinta, daga Ƙofar Sauri har Maraɗi. Ta tara mutum dubu ɗaya da ɗari takwas da sha biyu. A cikinsu akwai muryar mahaifiyarta, Inna, wadda ta ɗauka shekara guda kafin rasuwarta, kuma babu ita a ko'ina sai cikin kwamfutar nan.

Daga nan aka tsiro da al'ada. Kowace shekara, Asabar ɗin farko bayan Babbar Sallah, zuri'a kan taru a tsakar gidan, a haska majigi a bango, a nuna jariran da aka haifa a shekarar ɗaya bayan ɗaya, a kira suna, a yi musu addu'a. Uwar da ba a nuna nata ba kan yi shekara tana mita. Bana jarirai arba'in da ɗaya ne.

Ranar Litinin ta makon taron, Rahmatu ta tafi ruga wurin Gwaggo Furera, wadda ta haura casa'in kuma ta shekara tara tana cewa ba ta magana da waya. Ran nan dai ta yarda. Ta zauna a gindin bishiyar bedi, ta yi awa biyu tana zuba, kuma a cikin zubar nan ta kwance wani ƙulli da babu wanda ya san akwai shi. Kowa a gidan ya tashi da sanin cewa kakansu Malam Sani ɗan Malam Lado ne, don abin da wata tsohuwar takardar salsalar gidan ta ce ke nan, Malam Sani na Malam Lado. Gwaggo ta ce ba ɗansa ba ne, jikansa ne. Malam Lado 'ya ɗaya tak Allah ya bar masa, Baraka. Ya aurar da ita ga wani falke baƙo, falken ya rasu a hanyar fatauci, ta dawo gida da ciki, ta haifi Sani, kakan ya riƙe shi, aka ci gaba da kiransa na Malam Lado kamar yadda ake kiran kowa da sunan wanda ya riƙe shi. Gwaggo a ɗakin Baraka ta yi ƙuruciya.

"Gwaggo, mi ya hana ki hwaɗi tun tuni?" in ji Rahmatu.

"Wa ya tambaye ni?" in ji Gwaggo, ta ci gaba da sheƙar geronta.

Washegari da hantsi Rahmatu ta zauna za ta shigar da bidiyon Gwaggo da hotunan jarirai. Ta danna ajiye, kwamfuta ta yi shiru, sannan ta fito da wani ɗan saƙo. Rahmatu ta gyara tabarau ta karanta. Babu wuri. Ta duba ma'ajiyar, layin da ke nuna cikarta ya yi ja har ƙarshe. Ta goge wasu hotunan biki nata na kanta, ta sake dannawa. Jariri ɗaya ya shiga, na biyu ya tsaya a bakin ƙofa.

Tana cikin haka yayanta Alhaji Maitama ya yi sallama. Shi ne babba a gidan Malam Lado yanzu, tsohon ma'aikacin mulki, dogo mai furfura, wanda ko ruwa zai ce a ba shi sai ka ji kamar yana rufe taro. Mutumin kirki ne, ba a raba shi da zumunci, amma in ya kafe a kan magana jaki ma ya san an fi shi. Aka gaisa, aka tambayi gajiyar Sallah da mutanen gida da jikin Malam Ɗayyabu, sannan ya tambayi shirin Asabar. Ta gaya masa gaskiya.

"Yo abin ga ai ba shi da wuya," in ji Alhaji. "Tun hwarko na hwaɗa maki, salsala ta maza ce. Ɗan mace gidan ubanshi yake. Ki cire ɗiyan mata, ki gani in wuri bai samu ba."

"Yaya, sun hi rabi."

"To kin gani, wuri ya samu."

"Har da nawa ɗiyan ke nan."

"Naki suna gidan Malam Ɗayyabu, ai ba bisa titi suke ba. Ni da nike maki magana, kin taɓa ganin na kawo maki sunan ɗiyan Zainab? Ɗiyata ce, amma ɗiyanta na gidan mijinta ne."

Gaskiya ne, bai taɓa kawowa ba. Zainab ita ce 'yar lelensa, tana aure a Kaduna da 'ya'ya huɗu, kuma kowa ya san in ta bugo waya muryar Alhaji kan koma ta wani mutum dabam. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce.

Ya miƙe, ya gyara babbar riga. "Za ni dawo ran Juma'a bayan masallaci. In jariran bana sun shiga, madalla. In ba su shiga ba, a yi yadda na ce. Ba ni tara mutane su zo su kalli bango."

Labarin Baraka ya zo har bakin Rahmatu, ta haɗiye shi. Ba a yi wa yaya gardama da labarin baki, kuma ita a tsarinta maganar da ba ta shiga fayil ba ba ta zama magana ba. Amma ranta ya ɓaci sosai. Mutum dubu da talatin ake cewa ta cire, kuma babu ɗaya a cikinsu da ba ta taka ƙafa ta je gidansu ba. Akwai 'ya'yanta biyar da jikoki, akwai Hamman da duk mutanen ruga. A gidan Malam Lado, tun da aka kafa shi, ba a taɓa korar mutum don ɗaki ya yi kaɗan ba, sai dai a ja katanga a ƙara sashe. Ta ɗauki waya ta kira Hamman.

Laraba da safe ya iso a babur, da wani ɗan abu kamar sabulun wanki naɗe a leda. Ya ce faifan ajiya ne, kuma cikinsa ya ninka na tsohon sau takwas. Za a sa shi a kwamfutar ya zama ɗaki na biyu, a kwashe rumbun gaba ɗaya a kai can.

"Wanga ɗan abin?" in ji Rahmatu. "Kai ɗan mace, kada ka kawo mani wasa."

"Uwar fayil, ke ma ai ba ki da tsawo, ga shi kin ɗauke gida guda a kai."

Ya kwance bayan kwamfutar, ya hure ƙurar shekara tara yana tari da gangan, ya ɗaura faifan, ya kunna. Sabon ɗaki ya bayyana a allo, fayau, babu komai a ciki. Yana shirin fara kwasa wayarsa ta yi ƙara. Daga ruga ne, wata saniyarsa tana naƙuda tun asuba, ɗan ya zo a juye. Hamman ya miƙe tun kafin ya kashe wayar.

"Ina dawowa da azahar. Don Allah kada ki taɓa komi."

"Ni za ka koya ma ƙaura? Sau ukku na tashi rajista daga gini zuwa gini, ko fallen takarda bai ɓace ba."

"Na sani. Kada dai ki taɓa."

Azahar ta yi, babu Hamman. La'asar ta yi, ta kira, wayar ba ta shiga, ruga ba ta da sabis sai an hau tudu. Rahmatu ta zauna tana kallon ɗakin nan fayau, tana lissafa kwanakin da suka rage zuwa Juma'a. Mai hali ba ya fasa halinsa. Ta rufe manhajar salsalar, ta buɗe jakar da rumbun yake ciki, ta duba da idon tsohuwar ma'aikaciya. Manyan abubuwa uku ta gani masu suna na hankali: sunaye, hotuna, muryoyi. Ban da su akwai wasu ƙananan fayiloli guda shida masu sunan da ba ya karantuwa, haruffa da lambobi a cakuɗe, ko nauyi ba su da shi. A rajista, in za a tashi, takardar da ba ta da take ba ta da lamba ba a ɗaukar ta zuwa sabon gini, tarkace ce. Ta ja manyan ukun ta kai sabon faifai, ta jefa ƙananan shidan a kwandon shara na kwamfuta. Kafin magariba aiki ya kammala, jan layin ya koma shuɗi, ta ji daɗi har da yi wa kanta kirari a zuci.

Sai ta buɗe manhajar don ta shigar da jarirai. Allo ya fito fari. Inda bishiyar zuri'a ta saba bazuwa babu ko reshe. Wani saƙo ya ce ba a sami rumbu ba, ko tana so a buɗe sabo?

Ta rufe ta sake buɗewa, ta kashe kwamfutar ta kunna, saƙon dai bai canza ba. Yayanta rabin gida ya ce a cire, ita ga shi ta kwashe gidan duka da hannunta, garin neman gira ta rasa ido. Abin da ya fi tsaya mata a rai muryar Inna. Hawaye suka zubo mata, ta cire tabarau ta goge. Abu ɗaya ta yi na hikima, ba ta amsa wa saƙon nan da e ba. Ta lulluɓe kwamfutar da zaninta ta fita. Malam Ɗayyabu ya ga fuskarta, ya ga tuwon da ta tura gefe. Kuma ya lura cewa ran nan ya wuni da hular Alhamis ba a tambaye shi ba.

Da sanyin safiyar Alhamis Hamman ya iso yana washe baki, saniya ta haihu, maraƙa mace. Yana ganin Rahmatu ya rufe bakin.

"Kin taɓa."

"Na taɓa."

Ya yaye zanin, ya zauna, ya duba tsohuwar jakar, ya duba sabon faifai. Ya tambayi ƙananan fayilolin da ke tare da manyan. Ta ce tarkacen nan ta zubar.

"Kin zubar ina?"

"Kwandon shara."

"Kin kwashe kwandon?"

Duk da halin da take ciki sai da ta dube shi ta saman tabarau. "Ni? Kahin kwana bakwai?"

Hamman ya buɗe kwandon. Ga su nan su shida, a jere. Ya kwantar da kai a kan tebur ya yi ta dariya har kafaɗunsa na rawa, ita kuwa tana tsaye ba ta san ko ta yi fushi ko ta yi hamdala ba.

"Zauna in gaya maki," in ji shi da ya sarara. "Kin san dangwali? Igiyar nan da muke ɗaure maruƙa a jere. In baƙo ya gan ta yashe a ƙasa sai ya ce tsohuwar igiya ce. Amma in za mu tashi ruga ita muke hwara ɗauka, don inda aka ɗaure maruƙa nan shanu ke dawowa da yamma. Ƙananan ga su ne dangwalin rumbun ki. Su suka san wane hoto na wane ne, wace murya ta wace ce. Ke kin kora shanu gaba, kin yar da igiya. Na biyu kuma, kin tashi ba ki yi sallama ba. Manhajar tsohon gida ta sani. Ta je ta ƙwanƙwasa, ta tarar babu kowa."

"To yanzu hwa?"

"Yanzu mu maida kowa gida, mu sake tashi irin ta mutane."

Haka aka yi. Ya fiddo ƙananan shidan daga kwando, ya dawo da manyan ukun tsohon wurinsu, ya buɗe manhajar. Bishiya ta bazu a allo kamar ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Rahmatu ta sauke ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi sau uku. Hamman ya ce ta duba adadin mutane ta riƙe, don makiyayi yana ƙirga dabbobinsa kafin ya tashi, ya sake ƙirgawa in ya sauka. Dubu ɗaya da ɗari takwas da sha uku, har da jaririn da ya samu shiga ranar Talata.

Sannan ya rufe manhajar, ya tabbatar babu wani ɓangarenta da ke aiki a ɓoye, don a cewarsa ba a tashin saniya ana cikin tatsarta. Wannan karon bai ɗauke jakar ba, kwafinta ya yi gaba ɗaya, manya da ƙanana, ya bar ta asali a inda take. Wani koren layi ya fara tafiya a allo a hankali. Tafiyar ta ci daga hantsi har bayan azahar. Rahmatu ta dama masa fura, ya kurɓa ya ce nonon birni ruwa ne da aka nuna wa saniya daga nesa, amma ya shanye kwanon tas. Ita ko ƙofa ba ta leƙa ba, tana zaune tana gadin layin.

Da ya kai ƙarshe, Hamman ya buɗe wurin da ake gaya wa manhajar inda rumbunta yake, ya matsa gefe.

"Ke za ki rubuta sabon adireshi. Gidanku ne, ni ɗan mace ne."

Ta rubuta da yatsunta biyu, harafi bayan harafi, ta sake karantawa sau biyu kamar lambar fayil, ta danna. Bishiya ta fito. Dubu ɗaya da ɗari takwas da sha uku. Amma adadi bai ishe ta ba. Ta nemo shafin Inna ta danna muryar. Sai ga tsohuwar tana gyaran murya, tana cewa, "Rahmatu, abin ya kama? To matso da shi, kada in yi ta magana a banza." Rahmatu ta saurara har ƙarshe, Hamman ya fita tsakar gida wai zai duba tayar babur.

Da ya dawo ta tambaye shi ko yanzu za a share tsohuwar jakar. Ya ce sai bayan kwana bakwai, ai ƙa'idarta ce. Daga nan har la'asar sakaliya ta shigar da jarirai arba'in da suka rage. Da ta gama ta hau can saman bishiyar, tsakanin Malam Lado da Malam Sani, ta buɗe sabon shafi ta rubuta Baraka, ta liƙa bidiyon Gwaggo a ƙarƙashinsa. Layin ma'ajiya ko motsi bai yi ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci Alhaji Maitama ya zo kamar yadda ya ce, yana ƙamshin turare. Ta shimfiɗa masa darduma, ya ce kujerar gaban kwamfuta yake so. Ta nuna masa jarirai arba'in da ɗaya, ya ƙirga da kansa da bakin carbi. Ya ce madalla, amma maganarsa tana nan, in ba bana ba baɗi, salsala ta maza ce tun daga Malam Lado.

"To Yaya, mu duba daga Malam Ladon," in ji ta, ta ja bishiyar zuwa sama.

Ya matso da fuska. "Wace ce Baraka?"

Ta danna bidiyon. Gwaggo Furera ta cika allo da faifan geronta, ta ba da labarin falke da cikin da aka dawo da shi gida. Alhaji ya saurara bai motsa ba. Gwaggo ita kaɗai ce a duniya take kiransa da sunan yanka, kuma bai taɓa musa mata magana ba. Da bidiyon ya ƙare ya daɗe yana jan carbi.

"Ke nan in da kin bi maganata..."

"Malam Lado kaɗai za ya rage, Yaya. Shi da ɗiyarshi."

Alhaji ya dube ta, ta sunkuyar da kai don kada ya ga bakinta. Can sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda rabon da ta ji ta tun suna yara, har hularsa ta karkace. Ya ce kada Hamman ya ji wannan magana. Ta ce ai Hamman ne ya riƙe wa Gwaggo waya tana kallon kanta jiya da daddare a ruga. Ya ce shi ke nan, gobe ba shi da bakin magana a tsakar gida.

Ya miƙe zai tafi, ya kai bakin ƙofa, ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya. Bai juyo ba ya yi magana, kuma muryar ba ta mai rufe taro ba ce.

"Sabon ɗakin ga, da sauran wuri?"

"Ko gidan ya ninka biyar bai cika ba."

"To in na bugo ma Zainab, ta turo sunayen yaran da hotuna, za su samu shiga kahin gobe?"

Rahmatu ta koma kan kujera, ta rubuta suna da yatsunta biyu. Shafin Zainab ya buɗe, ga yara huɗu a jere a ƙarƙashinta, na ƙarshen ɗan shekara uku da hula ta fi kansa, kuma sunan yankan Alhaji ne a rubuce a ƙasan hoton.

"Suna ciki, Yaya. Babbarsu shekararta tara a nan, su kuma kowa tun ranar sunanshi. Ban dai taɓa haska su a bango ba, saboda ƙa'idarka."

Alhaji Maitama ya cire takalmin da ya sa, ya dawo ya zauna. Ya laluba aljihu bai sami tabaransa ba, ta cire nata ta miƙa masa. Ya ɗora su a karan hanci, ya ce ta ƙara girman hoton na ƙarshen.